Abin da Zali ta yanke daga maganata

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanen Zali ba, ko da ina so in manta, don mutanen unguwarmu sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini kowace safiya. Amma kafin in kai ku wurin bikin sai na fara gaya muku ko wane ne ni a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane daga inda na faɗo ba.

Ni malamin lakkol ne a Filinge, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce mini kamar yadda ake kiran malamai a wurinmu, har uwar 'ya'yana Ramatu. Da rana ina koya wa yara lissafi da Faransanci, da yamma kuma ina koya wa manya yadda ake kallon labarai, ko da yake babu wanda ya ɗauke ni wannan aikin na biyu. Fadarmu, wato wurin hirarmu, tana ƙofar shagon Idi Tela. Yana da tele da yake fito da ita kan benci bayan sallar isha'i, a ɗora shayi, a jira jurnal, wato labaran dare. To da zarar an fara, ni ma na fara. Kafin mai karanta labarai ya buɗe baki na riga na faɗi abin da zai ce: yau ma wani babba ya yanke zare, yau ma wani babba ya karɓi wani babba. Ni ne mai nuna musu cewa in taron masu mulki ne kamera kusa take zuwa don mutum goma su cika allo, in kuwa na wasu ne sai ta tsaya nesa tana nuna kujerun da babu kowa. Gidajen tele masu zaman kansu ma ban bar su ba, kowanne na san aljihun da yake kallo (ban da guda ɗaya da nake cewa shi ne mai gaskiya, wato shi ne mai faɗin abin da nake son ji).

Garba, mai taksin Yamai, shi kaɗai ne yake ɗan taka mini burki. Yakan ce, "Mushe, ka bari mu ji da kunnenmu mana, kai ko numfashi ba ka yi?" Ni kuwa sai in ƙara murya. Maganar da na fi yawan yi, wadda har yaran unguwa suka haddace, ita ce: "Wallahi ranar da anka ba ni mikro, ƙasar nan za ta ji gaskiya."

Ita kuwa Zali ɗiyar Kawu Maman ce, wan mahaifiyata, wato taubashiyata. 'Yar jarida ce a wani gidan tele a Yamai. Kun san tsakanin taubasai: in ce mata baiwata, ta ce mini bawanta, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Na mori wannan dama iyakar mora. Duk sallar da ta zo gida sai na tare ta a gaban mutane: "Akun manya, yau mi anka rubuto miki ki karanta muna?" Sai ta yi dariya ta ce, "Bawana, ka ci gaba da shan shayinka. Ranar da fitilar kamera ta yi ja a gabanka, ka zo mu yi zance." Ban taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba.

Yanzu ga maganar ruwa, wadda ita ce tushen komai. An haƙa mana foraji a unguwa, wato rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki a sama, aka jera famfuna a ƙasa. Mun sha ruwansa 'yan makonni, sai injin ya mutu, tun ma ba a yi bikin buɗewa ba. Mata suka koma tsohuwar rijiya can bayan gari, inda sai an yi sammako a bi layi. Ramatu tun haihuwarta ta ƙarshe bayanta bai koma daidai ba, amma haka take tura kura da bido-bido, wato jarkokin ruwa, ta dawo ta kwanta kan tabarma tana cije leɓe. Ni kuwa ina ganinta, ina tausaya mata ƙwarai, sai dai a ganina malamin lakkol da kurar ruwa ba su dace ba. Gudummawata ita ce in je fada in zagi 'yan jarida da ba su zo sun nuna ba.

Rannan sai ga labari: wani babba zai zo daga Yamai ya buɗe forajin. Muka ce wane foraji, wanda ya mutu? Ana gobe zai zo, da rana tsaka, a gaban idon kowa, sai ga motar ruwa ta zo ta cika tankin fal, ta juya ta tafi. Bayan la'asar mai unguwa ya tsayar da mu a ƙofar masallaci. Dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce, "Kun ga abin da anka yi. In anka nuna a tele ruwa na zuba, shi ke nan, babu mai sake waiwayarmu. In kuwa wani ya hwaɗi gaskiya duniya ta ji, dole a gyara." Sai ya juyo ya dube ni. "Mushe, kai muka zaɓa. Ga shi kuma an ce ɗiyar kawunka ce za ta zo da mikro. Allah ya kawo ranar da kake jira."

Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, har da bugun ƙirji.

Daga nan zama ya gagare ni. Na shiga gida na fita, na sake shiga. Na tsara jawabin da Hausa, na juya shi da Faransanci, na dawo da shi Hausa. Na yi wa madubi, na yi wa tunkiyar Ramatu, na yi wa babur ɗina a hanyar kai riga guga. Na gwada huluna duka, na ajiye, na sake gwadawa. Zali ta kira ni ta ce, "Bawana, an ce kai ne bakin unguwa. Ka faɗi abin da ke akwai, ni zan san yadda zan yi da shi." Na ce mata ta dai tabbata batirin kamerarsu ya cika, don maganar tana da tsawo.

Washegari aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, makaɗa suka zo, aka jero yaran lakkol suna tafi. Na shigo cikin babbar rigata tana ƙamshin guga. Mutumin da na fara gani a layin gaba shi ne anspekte, shugabanmu na malamai, wanda sa hannunsa kaɗai ya isa ya mayar da mutum ƙauyen da ko waya ba ta shiga. Na gaishe shi, ya amsa yana kallona ta saman tabarau. Sai babban baƙon ya iso, ana gabatar masa da mutane, da aka zo kaina ya riƙe hannuna bai saki ba, ya yi murmushi ya ce, "A'a, kai ne Mushen? Mun ji labarinka."

Ya wuce abinsa, ya bar ni da maganar. Wane labari? Wa ya kai? Na alheri ne ko na fada? Nan take na tuna wani abokin aikinmu da aka ce baki ne ya sa aka tura shi can iyaka (ban taɓa tabbatarwa ba, amma a wannan lokacin na yarda da labarin ɗari bisa ɗari). Na tuna albashi, na tuna yara, na tuna gidan haya. Gumi ya fara bin bayana yana sauka.

Aka yanke zare, babban ya murɗa famfo, ruwan motar jiya ya zubo da ƙarfi, mata 'yan gayya suka rangaɗa guɗa. Ana cikin wannan hayaniya Zali ta jawo ni gefe, kusa da famfunan. Mai kamerarta, wani dogon Bazabarme, ya ce, "Fofo, Mushe, nan za ka duba." Mai unguwa da sauran jama'armu suna can bayan igiya, kiɗa ya hana su jin komai, sai dai suna ɗago mini hannu. Anspekte kuwa yana kusa, ya juyo da kujerarsa. Zali ta miƙo mikro. Fitilar nan ta yi ja.

Abin da na faɗa zan bari ku ji shi a inda jama'a suka ji shi. Abin da zan ce kawai, da na gama Zali ta daɗe tana kallona, sannan ta naɗe wayar mikro ta tafi. Da mutanenmu suka kewaye ni suna tambaya, "Ka hwaɗi? Ka hwaɗi duka?" sai na gyara hula na ce, "Ku dai ku jira jurnal."

Ranar da za a nuna, unguwa kaf ta taru a ƙofar Idi Tela, har matan da ba su taɓa zuwa ba suka tsaya daga baya. Ni da na saba zama a gaba, ranar na rasa inda zan sa kaina. In zauna, in tashi, in ce zan je in duba babur. Aka nuna babba yana yanke zare, aka nuna ruwa yana zuba, sai ga fuskata ta cika allo, hula a karkace. Na ji muryata tana cewa, "Alhamdulillahi, ruwa ya wadata, mun gode." Shi ke nan, aka wuce labarin gaba.

Na ji idanu a ƙeyata. Ina neman abin da zan ce, sai Garba, bawan Allah, ya ce cikin tausayi, "Sun yanke, ko Mushe?"

Jama'a, ni ban shirya yin ƙarya ba, kawo mini ita aka yi har inda nake zaune. Na miƙe tsaye na ce, "Sun yanke! Ba na sha gaya muku ba? Sun ɗauki gaisuwar farko sun zubar da sauran!" Nan take wuri ya kaure da salati da tsaki. Idi Tela ya kashe tele don haushi. Wani ya ce ai Mushe ya daɗe yana faɗi ba mu yarda ba. Kafin a watse na zama gwarzo.

Ba a yi kwana nawa ba tankin ya ƙafe, mata suka koma rijiya. Labarina kuwa sai girma yake. A fada na ce na ambaci injin da ya mutu. A kasuwa ranar Lahadi na ƙara da motar ruwa. Kafin wata ya ƙare, a labarin nawa har na nuna babban baƙon da yatsa, shi kuma ya sunkuyar da kai. Amma hankalina bai kwanta ba ko kwana ɗaya. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai na leƙa suna kafin in ɗauka, in na ga sunan Zali sai in kife ta. Na daina bi ta ƙofar Kawu Maman, ina zagayawa ta bayan kasuwa. Don abin ya wuce inda na zata: mutane sun fara cewa ɗiyar Maman ta sayar da unguwar su kakanninta, wasu mata sun daina gaida mahaifiyarta a wurin suna, Kawu kuma, mutumin da ya saya mini kekena na farko, ya rage fitowa masallacin unguwa. Ina ji, ina gani, kullum ina cewa gobe zan gyara.

Ana haka bikin Abdu ya zo, ƙanen Zali. Babu yadda zan ƙi zuwa. Bayan an shafa fatiha muka zauna ƙarƙashin rumfa ana jiran shinkafa, mai kiɗan biki yana gwada lasifikarsa. Baƙi sun zo daga Bonkuku da Damana, sai wani daga cikinsu ya ce, "Wai ina malamin nan da tele ta yanke wa magana?" Aka nuna ni. Na leƙa ɓangaren mata ban hango Zali ba. Da na yi shiru da na tsira, amma ina, baki ya saba. Na miƙe, na gyara riga, na fara. Na kai daidai inda nake nuna babban da yatsa, sai na ga fuskokin mutane sun bar kallona sun koma kallon bayana.

"Bawana, sannu da ƙoƙari."

Tana tsaye cikin leshinta na biki, waya a hannu, tana murmushin nan da na sani tun muna yara, wanda ba ya zuwa da alheri. Ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, bawan nan nawa gaskiya ya faɗa muku. Na yanke maganarsa, da hannuna na yanke. Kuna so ku ji abin da na yanke?"

Rumfa gaba ɗaya ta ce, "Muna so!" Har da Garba, har da tafi. Ni ma, don kada a gane, na ce, "A sa mana!" (muryar da ta fito ba tawa ba ce). Ta miƙa wa mai kiɗa wayar ya haɗa da lasifika, irin lasifikar da ake ji har tasha.

Aka fara jin kiɗan ranar buɗewa, sai muryar Zali: "Mushe, kai ɗan unguwar nan ne. Ruwan nan kullum yana zuwa haka?"

Sai ni: "Alhamdulillahi, ruwa ya wadata, mun gode. Dare da rana, ba ya yankewa."

"Babu wata matsala da kuke son a sani?"

"Matsala? A'a, lafiya lau. Lafiya lau wallahi."

"An ce injin yana ɗan ba da wahala."

"Masu baƙin ciki ne ke faɗi. Ruwan nan ko a Yamai ba su da irinsa. Har daɗi gare shi, in ka sha sai ka ji kamar an sa sukari."

Daga nan kuma sai na ɓalle. Na gode wa babban baƙo, na gode wa iyayen da suka haife shi, na gode wa direbansa da ya kawo shi lafiya. Na gaida anspekte da cikakken sunansa, na ce uba ne gare mu, na maimaita. Na ce matanmu yanzu har ƙiba suke yi don hutu. Sai aka ji ɗan shiru, lokacin da na zaci an kashe kamera, sannan muryata ta dawo ƙasa-ƙasa: "Zali, hular nan ta zauna daidai? In ba ta zauna ba mu sake. Kuma don Allah kar ki cire inda na gaida anspekte."

Ban san dariya tana iya kayar da mutum daga kujera ba sai ranar. Garba ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Idi Tela ya shaƙe da ruwa sai da aka bubbuga masa baya. Baƙon Damana yana share hawaye yana cewa, "Sukari! Ya ce sukari!" Kawu Maman, wanda ya yi makonni bai yi murmushi ba, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ni kuwa ina tsaye a tsakiya, ba halin fushi, don taubashiya ce ta yi, kuma a gidan kawu. Dole ni ma in yi dariya. Na buɗe haƙora na bar su a buɗe, ina roƙon Allah ya kawo shinkafar nan ko hankalin mutane zai koma kanta.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Mai unguwa ya dube ni kawai ya ce, "Ashe haka anka yi, Mushe," ya ɗauki sandarsa. Ramatu kuma tana bakin zaure da sauran mata, hannunta ɗaya dafe da ƙugu. Da aka zo wurin ƙibar nan na ga ta sunkuyar da kai. Wannan ya fi dariyar duka ciwo.

Da yamma Zali ta same ni a bayan gida inda na ɓuya kusa da turken awaki. Na ce, "Kin kashe ni, baiwata." Ta ce, "Ni da na rufa maka asiri na cire sukarin? Da ka yi shiru da har abada babu mai ji. Amma ka bar Baba yana jin kunyar fita." Sai ta zauna kan turmi, wasan ya bar fuskarta. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ana yanke magana a wurinsu, akwai ranar da ake kiran shugabanta a waya labari ya mutu a kan tebur, ita ma tana da nata anspekten da take tsoro. "Amma in na faɗi da bakina cewa inji ya mutu, za a ce ra'ayina ne, a cire. In ɗan unguwa ya faɗi, ga fuskarsa ga sunansa, ina da abin riƙewa in yi faɗa. Wataƙila in ci, wataƙila a kayar da ni. Sau nawa na buɗe maka ƙofa, bawana? Kai ka rufe ta."

Daga baya ma na ji cewa mai unguwa ya je kai kuka inda ya kamata, aka tarbe shi da fara'a aka ce, "Baba, ba malaminku ne muka gani a tele yana cewa ruwa ya wadata ba?" Har yau da nake ba ku labarin nan injin yana nan a mace.

Ina zuwa fada har yanzu, kuma har yanzu ina ganin inda jurnal ke karkata, don yana karkata ɗin. Sai dai in na ga wani bawan Allah a allo yana zufa yana godiya, ba na ce masa munafuki kamar da, nakan leƙa gefen hoton ne in ga wa ke zaune kusa da shi. Abin da na koya ke nan: kafin mutum ya auna tsoron ɗan jarida, ya fara bari a kunna masa jar fitilar nan shugabansa yana kallo. Zali ta ce za ta sake neman a turo ta, in har na shirya. Na ce na shirya. Tun ranar, duk farar motar da ta shigo daga hanyar Yamai sai in ɗauka ta gidan telen su Zali ce, in shige lungu.

Kurar ruwa kuwa ta zama tawa. Washegarin bikin, da asuba, Ramatu ta jera bido-bidon a ƙofar ɗakina, ba faɗa ba zagi, ta ce, "Mushe, ni zan zauna in yi ƙibar nan da ka ce." Kullum yanzu kafin in tafi lakkol sai na tura ta zuwa rijiya, in wuce ta gaban famfunan nan busassu, in bi layi da matan unguwa. Su kuwa ba su taɓa fashin gaishe ni ba: "Mushe, ina kwana? Ya ruwa?"

Sai in ce ya wadata, in miƙa hannu a ba ni guga.